Kududdufin da ya Zama Filin Tseren Duniya: Tarihin Ƙauyen Holme Pierrepont

A tsakiyar ƙasar Ingila, kimanin mil huɗu gabas da birnin Nottingham, akwai wani ɗan ƙauye a gaɓar kudu ta Kogin Trent, ana kiransa Holme Pierrepont. Abin da ke cikinsa bai wuce wani tsohon gidan sarauta na jan bulo ba, da majami'a guda, da gidaje ƙalilan a warwatse cikin gonaki. Ko an haɗa da unguwannin da ke ƙarƙashin gundumarsa, mutanen wurin ba su kai dubu ba. Amma duk da wannan ƙanƙanta, sau biyu manyan matuƙan kwale-kwale na duniya suka taru a nan domin gasar fid da gwani, watau a 1975 da 1986, ban da sauran gasannin duniya na ƙananan jiragen ruwa da aka yi a wurin a 1981 da 1995.

Wanda ya ji wannan zai zaci mutanen ƙauyen sun gāji tuƙi ne kaka da kakanni, har suka yi suna a kansa. Tarihi bai nuna haka ba. Sunan da ƙauyen ya yi ya samo asali ne daga abubuwa uku: ramukan da masu haƙar tsakuwa suka bari, da wata ambaliya da ta ci birnin Nottingham a 1947, da kuma shawarar da hukuma ta yanke a lokacin da Ingila ta gaji da shan kaye a wasan da ita ce ta ƙirƙiro shi. Kogin yana da hannu a cikin duka ukun, sai dai mafi yawan tseren da ake yi a ƙauyen ba a cikin kogin ake yinsa ba.

Ƙauyen da iyayen gijinsa

Sunan ƙauyen kashi biyu ne, kowane kashi da baƙin da suka kawo shi. Holme kalma ce ta mutanen arewacin Turai, watau Bikin ko Denawa, waɗanda suka riƙa shigowa Ingila ta bakin koguna a ƙarni na 9. Rundunarsu ta yi zaman hunturu a Nottingham a 868, daga baya kuma birnin ya zama ɗaya daga cikin garuruwa biyar da suka mallaka a wannan yanki. Ma'anar kalmar ita ce tsibiri, ko tudu a tsakiyar fadama. Wannan kuwa shi ne ainihin siffar wurin: ɗan tudun yashi da tsakuwa wanda ruwa kan kewaye idan kogi ya cika. Da wannan suna aka rubuta ƙauyen a cikin littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki William ya sa aka yi a 1086.

Kashi na biyu sunan wani gida ne na Normawa da suka ƙetaro daga Faransa, ma'anarsa kuwa gadar dutse. A ƙarshen ƙarni na 13 wani Henry Pierrepont ya auri Annora de Manvers, wadda ta gāji ƙasar Holme, daga nan ƙasar ta koma hannun zuriyarsa, sunansu kuma ya manne wa ƙauyen. Wajen 1500 suka gina gidan bulo da ke tsaye har yanzu, yana cikin gine-ginen bulo mafi daɗewa a lardin. Arzikinsu ya haɓaka ta hanyar da arzikin irin waɗannan gidaje kan haɓaka, watau aure da tara ƙasa. Wani Henry na daban ya auri Frances Cavendish, 'yar shahararriyar attajirar nan Bess ta Hardwick, ɗansu Robert kuma ya sami sarautar Earl na Kingston a 1628.

Ƙarshen wannan Robert ya cancanci a tsaya a kansa, domin a kan Kogin Trent ya auku. Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa a 1642, ya daɗe yana jan ƙafa, bai bi kowane ɓangare ba, 'ya'yansa kuwa suka rabu, babban ya bi sarki, biyu suka bi Majalisa. Da ya ga babu makawa sai ya karɓi muƙamin soja a ɓangaren sarki. A watan Yuli na 1643 mayaƙan Majalisa suka kama shi a garin Gainsborough, suka sa shi a jirgin ruwa za su kai shi Hull. Mutanensa da ke bakin gaɓa suka buɗe wa jirgin wuta da nufin tsare shi, harbinsu ya sami ubangidan nasu, ya mutu nan take.

Zuriyar ta ci gaba da hawa har ta kai sarautar Duke, amma hawan nata bai amfani ƙauyen ba. Sun gina sabon gida mafi girma a Thoresby, can arewacin lardin, suka mai da shi mazauninsu, Holme ya zama gidan baya. Abin da ya rage na tunawa da wancan zamani yana cikin majami'ar ƙauyen, inda aka binne mawaƙi John Oldham, wanda agana ta kashe a 1683 yana baƙo a gidan, shekarunsa 30 kacal. Wani abin lura shi ne, 'yar wannan gida ce, Lady Mary Wortley Montagu, ta ga yadda Turkawa ke yin lambar rigakafin agana, ta kuma yi ta fafutukar a karɓi dabarar a Ingila tun daga 1721. Sarautar Duke ta yanke a 1773, dukiyar ta bi ta wajen mace zuwa ga waɗanda suka riƙe sarautar Earl Manvers, na ƙarshensu kuma ya rasu a 1955. Ƙauyen Adbolton da ke maƙwabtaka ma bai sami ko wannan ba, ya watse, aka rushe majami'arsa a ƙarni na 18.

Kogin aiki

Trent shi ne kogi na uku wajen tsawo a Birtaniya, ya kai kimanin mil 185. Tun fil azal hanyar fatauci ne, ana ɗaukar gawayin kwal da darma da hatsi da katako a kansa. Matsalarsa ita ce rashin tsayawa wuri ɗaya: yakan canza hanya, yakan tara yashi, da rani kuma jirage kan maƙale a wuraren da ba zurfi. A 1783 aka kafa kamfanin kula da zirga-zirgar jirage a kogin, aka ɗauki injiniya William Jessop, aka shiga yashe hanya da yanka magudanai, har da guda a Holme. Zuwan jirgin ƙasa Nottingham a 1839 ya karya kasuwar kogin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya hukumar birnin ta yi yunƙurin farfaɗo da ita, ta gina manyan matakalan jirage tsakanin Nottingham da Newark a shekarun 1920. Matakalar jirage wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin ko a rage shi har ruwan ya yi daidai da na ɗaya gefen, sa'an nan a buɗe ya wuce. Ta Holme tana cikin mafiya girma a kogin.

A farkon 1947 aka yi wani matsanancin hunturu a Ingila, dusar ƙanƙara ta kwanta makonni. Cikin watan Maris sai iska mai ɗumi ta zo da ruwan sama, ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya a kan ƙasar da har yanzu take daskare, ba ta iya shan ruwa. Trent ya yi ambaliya, ya shiga dubban gidaje a Nottingham da West Bridgford. Bayan wannan masifa aka tsara babban aikin kare birnin: aka faɗaɗa kogin, aka ɗaga gaɓoɓinsa, aka kuma gina madatsa mai manyan ƙofofin ƙarfe biyar a Holme a shekarun 1950. Idan ruwa ya yi yawa a ɗaga ƙofofin ya wuce, idan ya ragu a sauke su domin jirage su sami zurfi a cikin birni. Sakamakon haka ruwan da ke bayan madatsar ya fi na gabanta tudu da kusan mita huɗu. A lokacin babu wanda ya kawo wasa a ransa, amma wannan tazara ta mita huɗu za ta yi amfani bayan shekara talatin.

Abu na biyu shi ne tsakuwa. Dubban shekaru kogin ya yi yana shimfiɗa yashi da tsakuwa a kwarinsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma Ingila ta shiga gine-gine ba kama hannun yaro: sababbin gidaje a madadin waɗanda bom ya rushe, manyan hanyoyin mota, da tashoshin lantarki da aka jera a bakin Trent. Duk waɗannan kankare suke ci, kankare kuwa sai da tsakuwa. Gonakin Holme, waɗanda suka riga suka fita daga hannun gidan sarauta, suka zama mahaƙa. Da yake ruwan ƙasa yana kusa, ko wane rami aka gama da shi sai ya cika. Duk wanda ya san yadda kududdufi ke samuwa a bayan gari, inda aka ɗebi ƙasar gini aka bar ramin ga damina, ya san abin da ya faru a nan, sai dai waɗannan kududdufai da inji aka haƙa su, faɗinsu kuma eka-eka ne.

A cikin wannan haƙa, a shekarun 1960, ma'aikata suka ci karo da kwale-kwale uku na sassaƙen gungume, tare da wata ƙafar keken doki, a binne cikin tsohuwar hanyar da kogin ya bari. Binciken da aka buga a 1968 da awon da aka yi wa itacen sun nuna ɗaya daga cikinsu ya girmi zuwan Rumawa Ingila, watau ya haura shekara 2,000. Idan aka gwada shi da kwale-kwalen Dufuna da aka gano a ƙasar Yobe a 1987, wanda ya kai shekara 8,000, yaro ne ƙarami. Duk da haka ya isa shaida cewa an yi tuƙi a Holme tun kafin a raɗa masa suna, kuma tuƙin neman abinci ne.

Yadda wasan ya bar kogi

Kafin a fahimci abin da ya kai hukuma ga waɗannan ramuka, sai an rarrabe wasanni biyu da Bahaushe zai kira da suna ɗaya, tseren kwale-kwale. A na farko matuƙi yana ba wa inda za shi baya, doguwar filafilinsa tana maƙale a gefen jirgi, yana ja da ƙarfin ƙafa da gadon baya a kan kujera mai zamewa. Jirgin kan ɗauki mutum ɗaya, ko biyu, ko huɗu, ko takwas, wani lokaci da ɗan ƙaramin mutum mai riƙe akala. Wannan shi ne tuƙin baya. A na biyu matuƙi yana fuskantar gaba, filafilin tana hannunsa sake, kamar yadda masunta ke yi. Wannan shi ne tuƙin gaba.

Tuƙin baya sana'a ce ta masu fito a Kogin Thames tun kafin ya zama wasa, tseren da ya fi daɗewa ma, wanda aka fara a 1715, na 'yan koyon fito ne. A ƙarni na 19 'ya'yan masu hali suka karɓe shi. Jami'o'in Oxford da Cambridge suka fara karawa a 1829, aka kafa gasar Henley a 1839, ƙungiyar masu tuƙin sha'awa ta ƙasa kuma ta tsaya da ƙafarta a 1882. Wannan ƙungiya ta kafa wata doka da ta daɗe tana cutar wasan: duk wanda ya taɓa cin abinci da aikin hannu, makaniki ne ko mai sana'a ko lebura, ba shi da damar shiga gasarta. Hujjar da aka bayar ita ce wai aikin ƙarfi ya ba shi fifiko, amma kowa ya san maganar ta matsayi ce. Waɗanda aka ware suka kafa tasu ƙungiyar a 1890. Ba a soke dokar ba sai 1937, bayan abin kunyar da ya faru a 1936, sa'ad da aka hana tawagar Ostareliya shiga Henley domin 'yan sanda ne. Ƙungiyoyin biyu ba su haɗe ba sai 1956.

A wannan tsakani ƙasashen Turai sun bi wata hanya dabam. Sun kafa ƙungiyar duniya a birnin Turin a 1892, wadda Ingila ba ta shiga ba sai 1947, suka kuma daidaita ƙa'ida: mita 2,000, a miƙe, jirage shida a jere, a kan ruwan da ba ya gudu. Dalilin a fili yake. Ruwan kogi ya fi gudu a tsakiya, ya fi sanyin tafiya a gefe, saboda haka wanda ƙuri'a ta ba shi layi mai kyau ya riga ya ci rabin tsere. A Henley jirage biyu ne kawai ke karawa a lokaci guda, suna haurar ruwa, nisan kuma mita 2,112 ne. Ingila ba ta da wuri ko ɗaya da ya cika ƙa'idar duniya.

A wasannin Olimfik na 1948, waɗanda aka yi tserensu a Henley, Ingila ta ci lambar zinariya biyu. Ɗaya daga ciki Ran Laurie da Jack Wilson ne suka ci ta, dukansu jami'an mulki ne a Sudan da suka zo hutu gida, suka ɗan yi atisaye suka shiga jirgi. Wannan shi ne ƙarshen zamanin da irin haka ke yiwuwa. Daga nan sai Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Yamma, daga baya kuma Jamus ta Gabas, suka shigo da horo na kimiyya da kuɗin gwamnati. Ingila ta shekara 36 ba ta sake ganin zinariya a tuƙin baya ba, sai a 1984.

Gina tafkin

Gwamnatin Leba da ta hau a 1964 ta ba Denis Howell kula da harkar wasanni, a 1965 kuma aka kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Cikin abubuwan da ta sa gaba har da samar da tafkin tsere. Majalisar Lardin Nottinghamshire kuwa tana da tata damuwar, watau abin da za ta yi da ramukan da suka ɓata bakin birni. Buƙatun biyu suka haɗu a Holme Pierrepont. Wurin yana tsakiyar ƙasa, ana iya zuwa daga kudu ko arewa a yini guda, ƙasar ba ta da tsada tun da ba ta nomuwa, rabin haƙar kuma an riga an yi. Aka haɗe ramukan, aka miƙe gefensu, aka fitar da tafki mai tsawon fiye da mita 2,000, a kwance kusa da kogin amma ba a cikinsa ba, a tsakiyar fili mai eka 270. An yi gasar ƙasa ta farko a kansa a 1972, Firayim Minista Edward Heath, wanda shi kansa gwanin tseren jirgin ruwa mai filafilan iska ne, ya buɗe cibiyar a 1973, a shekarar kuma aka yi gasar duniya ta matasa a wurin.

Tafkin ya zo daidai da wani canji. A 1969 an ɗauko Bob Janousek daga Cekoslobakiya ya zama mai horar da 'yan wasan ƙasa, shi ne kuma ya karya al'adar tura kulob guda ya wakilci Ingila. Ya tsinto gwanaye daga ko'ina, ɗan jami'a da ɗan masu fito a jirgi ɗaya, abin da dokar 1882 ta haramta. Irin wannan zaɓe yana bukatar wurin da za a jera mutane a auna su da agogo ba tare da gardamar layi ba, tafkin kuwa ya samar da shi. Jirginsa na mutum takwas ya ci azurfa a gasar duniya ta 1974 da Olimfik na 1976.

A gasar duniya ta 1975 Jamus ta Gabas ce ta kwashe mafi yawan lambobi. Tseren mutum ɗaya kuwa wani saurayi ne daga Hambug ya ci shi, Peter-Michael Kolbe. Da gasar ta dawo a 1986, shi ne dai ya sake ci, kambinsa na biyar ke nan kuma na ƙarshe. Mutumin da ya fara sarautarsa ya kuma rufe ta a wannan tafki bai taɓa cin zinariyar Olimfik ba, sau uku yana zuwa na biyu. A wannan shekara ta 1986 ne kuma Steve Redgrave ya ci kambin duniya na farko tare da Andy Holmes, a gaban mutanen ƙasarsa.

Masu tuƙin gaba su ma sun sami rabonsu. Wasan nasu a Ingila ya faro ne daga John MacGregor, wanda ya zaga kogunan Turai da ɗan jirginsa a 1865, ya kafa kulob a 1866. An yi gasar duniya ta gudun miƙe a tafkin a 1981, inda Birgit Fischer ta Jamus ta Gabas ta yi zarra. Amma akwai wani reshe na wasan da tafki ba ya yi masa amfani, watau silalom, inda matuƙi ke gangarowa cikin ruwa mai tafasa da kumfa yana ratsa tsakanin sandunan da aka rataye. A Olimfik na 1972 Jamus ta Yamma ta gina magudanar kankare a Augsburg domin wannan wasa. Jamus ta Gabas ta aiko aka auna ta, ta gina kwatankwacinta a Zwickau, 'yan wasanta suka haddace ruwan, suka zo suka cinye lambobin zinariya huɗun duka. Darasin bai ɓace wa kowa ba. A nan ne aka tuna da tazarar mita huɗu ta madatsar Holme. Aka yanka magudana mai tsawon mita 700 daga bayan madatsar zuwa gabanta, aka jera mata tubalan kankare masu karya ruwa, aka buɗe ta a 1986. Ba ta bukatar famfo ko lantarki, nauyin ruwan kogin ne ke tura kansa. A kanta aka yi gasar duniya ta 1995, inda Lynn Simpson ta ci wa Birtaniya zinariya a tseren mata.

Juyawar zamani

Tun farko tafkin yana da aibi guda, watau iska. Filin a buɗe yake, ba tudu ba daji, idan iska ta bugo ta gefe sai layukan da ke kusa da gaɓar da ta kāre su su sami sauƙi, na ɗaya gefen su yi ta fama da igiyar ruwa. Rashin adalcin da aka guje wa a kogi ya biyo ta sama. Magudanar silalom ita ma da nata: ruwan Trent ne tsantsa, wanda ya ratso garuruwa da gonaki da masana'antu, bayan ruwan sama mai yawa kuma ƙazanta kan ƙaru, matuƙa su yi ta kukan ciwon ciki, wani lokaci a rufe ta. Idan kogin ya cika ƙwarai kuma, tazarar da ke ba ta gudu sai ta shafe.

Abin mamaki shi ne, kuɗi ne suka rage wa wurin daraja. A Olimfik na 1996 Birtaniya duka ta ci zinariya ɗaya tak, ta Redgrave da Matthew Pinsent. Daga 1997 aka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a kan 'yan wasa, aka kuma ɗaure kuɗin da yawan lambobi. Manyan kulob na tuƙin baya da ma a kwarin Thames suke, saboda haka da hali ya samu sai aka gina musu wurin atisaye a kusa da gida, a Caversham, aka buɗe shi a 2006, shi ma a tsohon ramin tsakuwa. Makarantar Eton ta haƙa nata tafkin a Dorney da kuɗinta, kimanin fam miliyan 17, shi ya karɓi gasar duniya ta 2006 da Olimfik na 2012. Domin wannan Olimfik ɗin kuma aka gina sabuwar magudanar silalom a Lee Valley, arewa da Landan, mai aiki da famfo da tsabtataccen ruwa. Tim Baillie da Etienne Stott, waɗanda suka ci zinariya a kanta a 2012, a Nottingham suka yi shekaru suna atisaye, haka ma Tim Brabants mai zinariyar 2008, wanda ya karanta likitanci a jami'ar birnin. Holme Pierrepont ya yi reno, wasu wuraren suka ga biki.

A 2009 hukumar wasanni ta Ingila ta janye hannunta, ta mai da cibiyar ga Majalisar Lardin, gine-ginen sun tsufa, kuɗin gudanarwa kuma ya fi abin da ke shigowa. Nan tambayar da ba a amsa ba a 1973 ta fito fili: wurin da aka kira na ƙasa baki ɗaya, wa zai riƙa biyan gyaransa? Waɗanda suka yanke shawarar janyewa suna da hujja, domin an umurce su da neman lambobi, lambobin kuma sun samu. Sai dai lissafin nasu bai haɗa da cewa matashin da ke arewa ko tsakiyar Ingila ba shi da wani tafki irin wannan a kusa ba, nauyin kuma ya faɗa kan masu biyan harajin lardi ɗaya. A 2013 Majalisar ta ba wani kamfani kwangilar gudanar da wurin na tsawon shekaru, aka karkata shi wajen abin da ke kawo kuɗin shiga: zangon masu tanti, da wasannin yara, da hayar jiragen roba ga masu son a jiƙa su a magudanar, da gasar ninƙaya da keke da gudu.

Tseren bai mutu ba. Ɗaliban jami'o'in Birtaniya sun ci gaba da yin babbar gasarsu ta shekara a tafkin, hedkwatar ƙungiyar masu tuƙin gaba ta ƙasa ta zauna a wurin, 'yan wasanta naƙasassu kuma, irin su Emma Wiggs da Charlotte Henshaw, daga nan suka tafi suka ciwo zinariya a Tokyo da Faris. A 2022 an yi gasar duniya ta wasan juyi da kwale-kwale a magudanar. Amma babbar gasar duniya ta tuƙin baya ba ta sake komawa ba tun 1986.

Madatsar da ta haifi magudanar tana da wani laifi da aka daɗe ba a kula da shi ba. Tun shekarun 1950 ta tare wa kifaye hanya, musamman kifin salmon da ke haurowa daga teku domin ya yi ƙwai a rafukan sama. A zamanin da kogin ke cike da dattin masana'antu babu kifin da zai hauro balle a damu, amma da ruwan ya fara gyaruwa sai matsalar ta bayyana. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta yanka wata magudanar a ɗaya gaɓar, ta wajen Colwick, mai tsawon kimanin mita 200, an rarraba ta ɗaki-ɗaki domin kifi ya riƙa hutawa yana hawa. An buɗe ta a 2024, ita ce kuma mafi girma irinta a ƙasar a lokacin buɗewar.